Abin da waya za ta iya kaiwa, kada a sa tsohuwa ta sauko daga dutse dominsa

Jama'a assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma aikina a ƙauyukan kan dutse yake, irin wuraren da in aka ce maka kilomita goma ne to ka shirya yini guda, don hanyar hawa ce da gangara da kewaye kwazazzabo, in ruwa ya sauka ma babur ba ya wucewa sai dai ƙafa. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai kan wannan sabon tsarin da ake ta kawowa na yin rajista da karɓar tallafi da ganin likita ta waya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Wata rana na haɗu da wata dattijuwa a gindin hawa tana zaune kan dutse ta miƙe ƙafafu, gwiwoyin sun kumbura suntum. Na ce Iya lafiya, ina zuwa haka? Ta ce 'yar nan dawowa nake, an ce in je ofis a tabbatar ina raye kafin a ci gaba da ba ni tallafin tsofaffi, tun asuba na sauka, da na isa aka ce kwamfuta ba ta aiki sai gobe. Wallahi abin ya tsaya min a wuya. Ku duba abin da ta sauko da shi fa, sunanta ne da fuskarta da ɗan yatsanta, shikenan, abin da ƙaramar na'ura za ta ɗauka cikin minti biyu a ƙofar ɗakinta. Tun daga ranar ma'aunina ɗaya ne ga duk wata fasahar da aka kawo mana: shin ta rage wa mai rauni tafiya ko ta ƙara masa?

Kuma kada a ɗauka mu 'yan tsiraru ne. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce duwatsu sun rufe kusan kashi 27 cikin 100 na doron ƙasa, kuma mutum wajen biliyan 1.1 ne ke zaune a cikinsu, har rana aka ware musu, 11 ga Disamba ta kowace shekara. Daga tsaunukan Himalaya zuwa Andis zuwa na Habasha kukan iri ɗaya ne, asibiti nesa, ofis nesa, banki nesa, ma'aikacin da aka turo kuma ba ya daɗewa yake neman canji.

Mutane na yawan tambayata me ya sa sabis ke kamawa a kan wancan tudun amma cikin gari babu ko layi ɗaya. Dalilin shi ne saƙon waya kusan miƙe yake tafiya daga ƙarfen sabis zuwa wayarka, in dutse ya shiga tsakani ya tare, garin da ke cikin kwari sai ya zama kamar yana inuwa. Su kuma kamfanoni lissafin kai suke yi, kafa ƙarfe a kan tsauni tsada gare shi, ga kai mai ko sola, ga gyara, mutanen da za su sayi kati kuma ba yawa, sai su wuce mu. Amma an taɓa karya wannan lagon. A ƙasar Nefal wani malamin makaranta mai suna Mahabir Pun, a ƙauyen Nangi da ke kan tsauni, sai ya yi doguwar tafiya zuwa birnin Pokhara kafin ya duba saƙon intanet. A 2001 ya rubuta wa BBC yana neman shawara, masu sa kai suka zo, suka riƙa ɗaura eriya a kan bishiyoyi da ƙololuwar tuddai, wannan ta miƙa wa waccan har saƙo ya iso daga Pokhara, daga baya ƙauyuka da dama suka shiga, ana karatu da shi ana tuntuɓar likitocin birni da shi. A 2007 aka ba shi lambar yabo ta Ramon Magsaysay. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne mutanen wurin ne suka san wane tudu ke hangen wane tudu, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To bari in zo kan ganin likita ta waya, don nan ne aka fi samun rashin fahimta. Wasu sun ɗauka kana kwance a gida za ka danna waya likita ya leƙo ya warkar da kai. Tsarin da na ga yana aiki shi ne wanda akwai ma'aikacin lafiya kusa da majinyaci, shi ne hannu da idon likitan. Indiya ta bi wannan hanyar da tsarinta na eSanjeevani da aka fara a 2019, majinyaci ya je ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikacin wurin ya auna shi sannan ya haɗa shi da likitan da ke babban asibiti ta bidiyo, sai a 2020 lokacin korona aka buɗe wanda mutum zai kira daga gida.

Ni kaina na ga amfaninsa. Wata mai ciki wata takwas aka kira ni, tana cewa kanta kamar zai tsage kuma tana ganin dishi-dishi, fuska da hannaye sun kumbura. Na auna jini 160 bisa 110, alhali daga 140 bisa 90 ma mun fara damuwa. Na ɗauki hoton katin awonta, na haura wani falalen dutse da ke bayan gari inda kowa ya san nan ne ake samun layi ɗaya, na ɗaga wayar sama ina jira hoton ya tafi, gabana sai faɗuwa yake. Da ya tafi likita ta kira, ta ce a yi mata allurar hana jijjiga yanzun nan a ba ta maganin saukar da jini sannan a taho da ita, su za su turo mota ta jira a inda hanyar mota ta ƙare. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, muna gangarawa muna hango fitilar motar a ƙasa. Da a da ne sai mun isa titi sannan a fara neman mota, asibiti kuma ba su san da zuwanmu ba.

Amma ku lura da kyau, wayar ba ta ɗauke ta ba, mutane ne suka ɗauke ta. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a watan Afrilun 2019 kan amfani da fasahar zamani a harkar lafiya ta ja kunne cewa waɗannan kayan ba za su maye gurbin asibiti mai aiki da ma'aikata da magani ba. Don haka ina roƙonku, in mace ta haihu jini ya ƙi tsayawa, ko mai ciki ta fara jijjiga, ko jariri ya ƙi kama nono jikinsa ya saki, ko yaro na numfashi da sauri haƙarƙarinsa na lotsawa, ko maciji ya sari mutum, kada a tsaya jiran sabis ya dawo. A kama hanya, wani ya haura ya yi kira yayin da sauran ke tafiya. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu, kuma a kan dutse awa biyu ba komai ba ce.

Za ku ji ana labarin jirage marasa matuƙi masu kai jini, gaskiya ne. A Ruwanda, ƙasar da ake wa kirari da mai tuddai dubu, kamfanin Zipline ya fara wannan aikin a watan Oktoban 2016 daga Muhanga, asibiti ya aika saƙo, jirgin ya tashi ya sako kwalin jinin da 'yar lema ya juya ba tare da ya sauka ba. Abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai asibiti yake kai wa, inda akwai wanda zai gwada jinin ya ɗaura shi. Majinyaciya dole ta iso.

Mu ma'aikata kuma sauƙin da muka samu shi ne manhajojin da ke aiki ko babu netwok. Akwai irin su DHIS2 da Jami'ar Oslo ta Norwe ke kula da shi, ƙasashe sama da 70 na amfani da shi, kana shigar da sunan yaro da rigakafin da aka yi masa a cikin kwari, ya ajiye, in ka hau inda sabis yake ya tura da kansa. Ta haka ake gane yaron da ya tsallake allura da asibitin da maganinsa ya kusa ƙarewa tun kafin ya ƙare. Duk wanda zai kawo mana manhajar da sai da data mai ƙarfi take buɗewa to bai taɓa kwana a kan dutse ba.

Yanzu maganar kuɗin tallafi ta waya, nan nake so a buɗe kunne sosai. Tura kuɗi ta ƙaramar waya ba sabon abu ba ne, tun 2007 M-Pesa ke yi a Kenya kuma ba ya buƙatar babbar waya. Yana hana doguwar tafiya da layi da 'yan tare hanya. Amma yana da ramukansa kuma na ga mutane sun faɗa. Lambar sirri taka ce kai kaɗai, ba a faɗa wa mai cire kuɗi, ba a rubuta ta a bayan kati, kuma babu wani ma'aikacin gaskiya da zai kira ka ya ce karanto min lambar da aka turo maka yanzu don a ƙara maka tallafi, duk wanda ya ce haka ɓarawo ne, kashe wayar. In ka je cirewa ka sa a karanta maka saƙon da ya shigo ka ji nawa ne kafin ka karɓa, ka ƙirga a gabansa. Iyayenmu da ba sa karatu su zaɓi mutum ɗaya amintacce, kuma su riƙe layin da sunansu, don in layin na wani ne ranar da aka samu saɓani, kuɗin ya tafi da shi. Mata musamman, sau nawa ana rajistar mace da lambar maigida, saƙon ranar awo ko na tallafi ya shigo wayar tana can wani gari a aljihunsa, sai bayan kwana uku ta ji.

Sai matsalar yatsa. Wanda ya shekara hamsin yana riƙe da kayan noma yana fasa dutse, zanen yatsunsa ya goge, na'ura sai ta ƙi ganinsa, sanyin kan tsauni ma na busar da fata ya ƙara dagula abin. Na tsaya kusa da wani dattijo ya danna sau bakwai tana nuna ja, yana goge hannun a riga yana ba da haƙuri kamar shi ya yi laifi. Na ce Baba ba laifinka ba ne, na'urar ce ta gaza. A irin haka a ɗan jiƙa yatsan a goge, a gwada wani yatsan, in duk ya ƙi to ku nemi a bi wata hanyar tantancewa, hoto ko takarda ko shaidar shugabannin gari, kuma kada ku bar wurin sai an rubuta ƙorafinku an ba ku shaida. Hakkin mutum bai kamata ya rataya a kan fatar yatsansa ba.

Masu tsara waɗannan ayyukan, ga inda nake so ku leƙa. Ƙasar Peru ta gina cibiyoyi a ƙauyukan tsaunukan Andis da suke kira tambo, sunan masaukin matafiya ne tun zamanin daular Inka. A ciki akwai wuta da intanet da ma'aikacin da ke zaune, jami'an katin shaida da na lafiya da na fanshon tsofaffi su ne ke hawowa su yi wa mutane aiki a wurin. Na'ura tana nan amma akwai ɗan Adam kusa da ita da zai cika maka fom ya yi maka bayani da harshenka. Wannan nake nufi. Ku bar ƙofar takarda a buɗe ga wanda ba shi da waya, ku turo saƙon murya da yaren mutane tunda ba kowa ke karanta tes ba, ku kawo sola tare da na'ura, kuma ku faɗa mana tun farko wa zai gyara in ta lalace da wa zai sayi data bayan an gama bikin buɗewa, don na ga akwatunan kwamfuta a kulle ƙura ta rufe su saboda batir guda da ya mutu ba wanda aka ɗora wa alhakin canzawa. Sirrin majinyaci ma amana ce, hoton ciwon mutum ko sakamakon gwajinsa ba abin turawa zauren hira ba ne, mu ma'aikata mu fara kiyaye wannan.

Ku kuma mutanen gari akwai abin da za ku iya tun wannan makon ba sai kun jira kowa ba. Ku zagaya da wayoyi masu layuka daban-daban ku gano takamaiman wuraren da sabis ke kamawa, da rana da kuma dare, ku share hanyar zuwa wurin yadda ko da tocila za a iya hawa. Ku ware waya ɗaya ta gaggawa da kullum take da caji da kati, a san a hannun wa take kwana, a samu mace ɗaya aƙalla cikin masu riƙe ta saboda akwai lalurar da mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Lambar ma'aikacin lafiya da ta asibiti mafi kusa da ta direban da zai iya tashi cikin dare a rubuta su da manyan baƙi a bango inda kowa ke wucewa, kada a bar su cikin waya kawai, waya na faɗawa ruwa. Duk gidan da ke da mai ciki da ta shiga wata na takwas a sanar da masu ɗauka tun da wuri, in gidan ya yi nisa sosai da titi kuma a duba yiwuwar ta sauko kusa da asibiti ta jira haihuwa a can.