Waiwaye: Yadda iyakar Najeriya da Nijar ta raba labarin jihadi gida biyu

Muhawarar da ake tafkawa a Facebook da TikTok kan jihadin 1804, ko gyaran addini ne ko ƙwace mulki, ba masu waya suka ƙirƙiro ta ba. Kowane ɓangare ya gaji nasa labarin, kuma hanyar da labarin ya bi kafin ya iso hannunsa ita ce ba a cika bincikawa ba.

An san hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Jagororin jihadi malamai ne, sun rubuta nasu da Larabci tun abin yana da ɗumi. Muhammadu Bello ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri a 1812, ya kuma kawo a ciki wasiƙun da Shehu Laminu na Barno ya aiko yana ja da hujjar yaƙin. Gidajen sarautar da suka rasa biranensu kuwa yawancin nasu a baki suka riƙe: kirari, waƙoƙin makaɗan fada, jerin sarakuna. Katsinawa suka kafu a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836.

Inda aka fi mantawa shi ne shata iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana layin iyaka mai siffar baka, mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa daga Kogin Kwara zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka matso da layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin haɗin gwiwa ya kakkafa turaku har Tafkin Chadi. Maraɗi da Tsibiri da Ƙonni suka zauna a ɓangaren Faransa, wato manyan fadojin da suka riƙe bayanin waɗanda aka ci da yaƙi sun koma wata ƙasa, da wani harshen boko.

Tafintan ayarin Faransa ya zauna da dattawan waɗannan garuruwa ya rubuta abin da suka faɗa, aka buga shi a Faris da Faransanci. A ɓangaren Najeriya kuwa littattafan Larabci aka riƙa juyawa zuwa Ingilishi, daga nan suka shiga darasin makaranta. Bayan 'yanci ma kowa turbarsa ya bi: Jami'ar Ahmadu Bello ta soma shirin binciken tarihin Arewa a 1964, ta duƙufa tattara rubuce-rubucen malamai, Yamai kuma ta samu cibiyar tattara tarihin baka a 1968. Ɗalibin Zariya da bai iya Faransanci ba sai ya tashi da rabin shaida, yana ɗauka duka ce, haka ma takwaransa na Yamai. A ganina wannan ya fi gabar ƙabila bayyana dalilin da kowa ke ganin ɗan'uwansa maƙaryaci.

Kowace shaida da inda take karkata. Rubutaccen bayani wanda ya halarci yaƙin ne ya yi shi, yana kafa hujjar ɓangarensa. Na baka ya ratsa kusan shekara 100 da hannu uku: dattijon da ke magana a gaban sarkinsa, tafinta, sai mai rubutu. A nan sarakunan da ba su daɗe ba sukan ɓace daga jeri, shan kaye ya koma cin amana.

Sai kalmar "Haɓe". A Fulatanci tana nufin waɗanda ba Fulani ba, amma da ta shiga littattafan Turanci sai ta zama kamar sunan rundunar da aka yaƙa, alhali Yakubun Bauchi da ya karɓi tuta Bageri ne, Malam Abdussalami na Gimbana kuma Ba'are, wato dukansu ba Fulani ba ne. Shi Abdussalami ya bi Shehu Usmanu tun kafin hijira, daga baya ya yi tawaye a Kware bayan rasuwar Shehu a 1817. Masu cewa ba ƙabilanci a jihadi Gimbana suke ambata, masu cewa akwai kuma Kware, mutum ɗaya ne a wuraren biyu.