Farfasasshen furotin a gyaran gashi: tambayoyi da amsoshi

Mene ne farfasasshen furotin, kuma me ya haɗa shi da gashi?

Mafi yawan silin gashi furotin ne da ake kira keratin. Silin yana da ɓawo a waje, ƙananan fale-fale da suka hau kan juna, sannan da tsakiya, inda ƙarfin gashi da launinsa suke. Gashin da ya fito daga fatar kai ba shi da jini ba shi da jijiya, shi ya sa in ya lalace ba ya warkewa da kansa.

Furotin yadda Allah ya halicce shi ƙwayarsa babba ce. Da ma'aunin dalton ake auna ta, kuma babban furotin ɗin farin ƙwai ya kai wajen 45,000. Farfasawa ita ce a yanyanka wannan doguwar ƙwaya da ruwa tare da asid, ko soda, ko enzayim (sinadari mai narkar da furotin), har ta koma gutsattsari masu narkewa a ruwa. Waɗanda ba su kai dalton 1,000 ba suna iya ratsa ɓawo su shiga ciki, musamman in gashin ya sha wahala. Manyan kuma a waje suke kwanciya, su cike gurabun da ɓawo ya ɓare. A jikin roba za ki gane su da kalmar Hydrolyzed kafin sunan furotin ɗin.

To yana gyara gashin da ya lalace ke nan?

Yana rufa masa asiri dai. Kamar yaɓe ne a bangon ƙasa: yana toshe tsaga, ya sa bango ya jure, amma ruwa na cin sa, dole a sake. Gashi zai rage karyewa wajen tajewa, ya ƙara kauri a hannu, ya fi riƙe danshi. Bayan wanki kaɗan furotin ɗin ya fita. Bakin gashin da ya riga ya tsage biyu kuwa almakashi ne kawai maganinsa. Haka nan ba ya ƙara saurin tsiro. Gashi na tsirowa kimanin santimita 1 a wata daga saiwa, tsawon da ake gani bayan fara furotin na gashin da ya daina gutsurewa ne.

Ta yaya zan san gashina na bukatarsa?

Fara da tarihin gashin. Rilaksa mai soda tana da kaifi sosai, 12 zuwa 14 a ma'aunin kaifin sinadari da ake kira pH, aikinta ta karya ɗaurin sulfa da ke riƙe da keratin, kuma wannan ɗaurin ba ya komawa yadda yake. Bilicin da rini mai haska gashi ma suna cin sa, haka ƙarfen miƙar da gashi in ana yawan sa shi. Mai irin wannan gashi ita ta fi kowa amfana.

Sai ki gwada. Ɗauki sili ɗaya daga mataji, ki jiƙa, ki ja a hankali. Lafiyayye yakan miƙe kusan kashi 30 cikin 100 na tsawonsa ya dawo. In ya yi ta miƙewa kamar ba ƙashi, bai dawo ba, ko jiƙaƙƙen gashin ya yi lagwaf yana danƙo a hannu, furotin yake nema. In kuwa ya tsinke nan take ba tare da ya miƙe ba, ga kaushi, to danshi ya rasa, ƙara masa furotin ƙara ɓarna ne.

Duba kuma abin da ke zuba. Guntaye marasa kai karyewa ce. Dogon sili mai ɗan farin kai a gindi daga saiwa ya fita, kuma sili 50 zuwa 100 a rana ba abin damuwa ba ne. In ya wuce haka, kamar yadda ake gani wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa ko wajen mai ƙarancin jini, maganar ta likita ce. Goshin da kitso mai tsauri ya cinye shi ma sassauta hannu yake so.

Wanne zan zaɓa?

Keratin, wanda galibi daga ulun tumaki ake samo shi, ya fi dacewa da gashin da ya sha rilaksa ko bilicin. Na alkama da na waken soya suna riƙe danshi, suna ba siririn gashi jiki. Na siliki sassauƙa ne, santsi da sheƙi ya fi bayarwa. Ki lura da inda sunan ya faɗo a jerin kayan haɗi, domin ana jera su daga mai yawa zuwa maras yawa. In yana cikin biyar ko shida na farko, mai ƙarfi ne. In can ƙarshe yake kusa da turare, ɗan taɓawa ne kawai.

Yaya ake sa shi?

A wanke kai da shamfu don a cire tsohon mai, saboda furotin ba ya kama gashin da man kaɗanya ko basilin ya lulluɓe. A matse ruwan da tawul, kada a goga. A raba gashi kashi huɗu ko shida, a shafa daga tsakiyar sili zuwa baki, inda ya fi tsufa da lalacewa. Fatar kai ba ta bukata. A sa hular leda minti 10 zuwa 20, ko lokacin da aka rubuta a roba, a ɗauraye da ruwan ɗumi. Daga nan sai matakin da mutane suka fi tsallakewa: a bi da kwandishina mai sa laushi wadda ba furotin a ciki, minti 15 zuwa 30, a ɗauraye, sannan a rufe danshin da ɗan mai.

Akwai mai ƙarfi da ake busarwa ƙarƙashin diraya har gashi ya sandare. Muddin yana sandare, kada a taje, kada a lanƙwasa, kada a ɗaure, don a nan yake karyewa gungu-gungu. A bar ruwa ya zuba a kai har ya saki da kansa kafin hannu ya shiga. Mun fi so a bar wannan wa ƙwararriyar mai gyaran gashi.

Mai sayen ruwan furotin zalla ta haɗa da kanta, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya isa. A babban cokali biyu na kwandishina, wajen giram 30, ɗigo 6 zuwa 12 ke nan. Ki haɗa na amfanin ranar kawai, domin furotin abincin ƙwayoyin cuta ne, in ya kwana cikin ruwa ba isasshen sinadarin hana ruɓewa zai lalace. In kirim ake dafawa, sai zafinsa ya sauko ƙasa da digiri 40 na Celsius a zuba.

Sau nawa?

Mai ƙarfi, duk mako 4 zuwa 6 ga gashin rilaksa ko rini. Mai sauƙi, duk mako biyu. Gashin da bai taɓa ganin sinadari ba yana iya yin wata biyu ko uku bai nema ba.

Na sa, sai gashina ya bushe yana karyewa. Me ya faru?

Ya yi yawa, ko an tsallake kwandishinar laushi. Sau da yawa ba a ma san an tara shi ba: shamfu da furotin, kwandishina da furotin, man shafawa ma da shi. A dakatar da su duka, a wanke da shamfu mai cire dauɗa sosai, a yi ta ba gashin danshi na mako biyu zuwa huɗu. Da hunturu abin ya fi tsanani, iska ba danshi, sai a tsawaita tazara. Lalle ma yana manne wa keratin ya ƙara wa gashi tauri, don haka kada a haɗa lalle da furotin mai ƙarfi a mako guda.

Ƙwai fa, ba zai wadatar ba?

Ƙwayar furotin ɗinsa ta yi girma, ba ta ratsawa, mafi yawa ruwa ke tafiya da ita. Laushin da ake ji daga maiƙon gwaiduwa yake. In an yi kuskuren ɗauraya da ruwan zafi kuma, ƙwan ya dahu a cikin gashi. Cin sa ya fi amfani, don daga abinci saiwa ke gina sabon gashi.

Shi ne gyaran keratin da ake yi a salun don miƙar da gashi?

A'a. Wancan ana shafa sinadari ne a bi da ƙarfe mai zafin kusan digiri 230 na Celsius, kuma da yawa daga cikinsu suna fitar da sinadarin fomaldehayid, wanda hukumar binciken cutar daji ta duniya (IARC) ta sa cikin abubuwan da ke jawo cutar daji. Sunan keratin a jikin kwalba ba ya nuna babu shi. In aka ga Methylene Glycol ko Formalin, shi ne.

Akwai wanda bai kamata ya yi amfani da shi ba?

Mai borin jini in ta ci alkama ko waken soya ta guji furotin ɗinsu. A Japan, a 2011, an janye wani sabulun wanke fuska mai farfasasshen furotin na alkama bayan ya jawo wa mutane kusan 2,000 rashin jituwa da alkama. Gutsattsarin furotin ɗin manya ne, shi ya sa masu tantance kayan kwalliya a Amurka suka ba da shawarar kada matsakaicin girmansu ya wuce dalton 3,500. Kowane sabon mai, a fara shafa kaɗan a bayan kunne, a jira awa 24 zuwa 48.

Sai maganar asali. Kolajin da jelatin, waɗanda su ma nau'in furotin ne da ake sawa a kayan gashi, ana samo su daga fata da ƙashin saniya, ko kifi, ko alade, kuma ba kowace roba ke faɗa ba. Wadda ke son kauce wa shakka ta nemi wanda aka rubuta na kifi ne ko mai tambarin halal, ko ta tsaya kan na alkama, shinkafa da waken soya.