Idan wani ne ya jawo maka karayar muƙamuƙi, ya ake neman diyya?

Mutum baya sanin darajar muƙamuƙinsa sai ranar da ya kasa buɗe baki. Tauna da shi ake yi, magana da shi, dariya, hamma, kai har kwanciya ta gefe ɗaya sai ta gagara. Kuma abin haushi shine ciwo ne da ba a cika gani ba, wanda ya karye a ƙafa kowa na ganinsa da sanda ana masa sannu, shi kuwa mai karayar muƙamuƙi da kumburin ya saɓe sai a ɗauka ya warke, alhali yana nan yana zuƙar abinci mai ruwa-ruwa ta tsinken roba yana ramewa. Wannan rashin ganin ne yake sa mutane da dama su karɓi ɗan abin da aka miƙo musu su sa hannu, daga baya su dawo suna da na sani.

Bayanin nan zan ɗora shi ne akan dokar Ingila da Wales, don nan ne aka fi tsara wannan fanni dalla-dalla, kuma ƙasashe da yawa da suka gaji tsarin shari'ar Ingila tushen nasu ɗaya ne, amma wa'adi da yawan kuɗi da wasu dokoki suna bambanta.

Toh abu na farko, jin ciwo kaɗai baya ba ka diyya. Wanda ya zame a banɗakin gidansa ya bugi haɓa babu wanda zai kama. Sai ka nuna cewa akwai wani da doka ta ɗora wa nauyin kiyaye lafiyarka, ya yi sakaci da wannan nauyin, kuma sakacin nasa ne ya jawo ciwon. Wannan ƙa'ida ta samu gindin zama ne a 1932, a shari'ar wata mata Misis Donoghue da ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar lemon da aka saya mata a garin Paisley na Sikotilan, kotun ƙoli ta wancan lokacin ta ce eh, mai yin lemon yana da nauyin kula da wanda zai sha ko da babu wani ciniki tsakaninsu. Daga dodon koɗi aka zo har kan direban da ya buge ka, da kamfanin da ya sa ka aiki ba kayan kariya, da kantin da ya bar ruwa a ƙasa ba alama, da likitan haƙorin da ya yi ganganci wajen cire haƙorin can ƙurya har ƙashi ya tsage. Amma a lura, na likita ba kowace matsala ce sakaci ba, wani abin yana faruwa ko da an yi aiki daidai, sai wani ƙwararren ya tabbatar an kauce wa yadda ya kamata a yi.

Kuma hujjar da ake nema bata kai ta shari'ar laifi tsauri ba. Ba sai ka kawar da duk wani kokwanto ba, ya isa alƙali ya ga cewa maganarka ta fi ta ɗaya ɓangaren kama da gaskiya.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ke kashe kes ɗin mutane tun kafin a fara. Dokar wa'adi ta 1980 ta ba ka shekara 3 ka shigar da ƙara kotu, daga ranar da abin ya faru, ko daga ranar da ka gane cewa ciwon babba ne kuma yana da alaƙa da abin da wani ya yi. Shigar da ƙara fa aka ce, ba wai zuwa ofishin lauya ko aika wa inshora takarda ba. Yaro agogonsa baya fara tafiya sai ya cika 18, kenan yana da har zuwa 21, kodayake iyaye na iya nema masa tun kafin nan. Wanda kuma bashi da hankalin gudanar da al'amuransa agogon a tsaye yake. Kotu na da ikon ɗaga ƙafa ga wanda ya makara amma kar ka dogara da hakan wallahi, alfarma ce ba haƙƙi ba.

Inda nake so mu daɗe shine kan shi ciwon kansa, don kuɗin da za a baka yana bin abin da likita ya rubuta ne, ba yawan kukan da ka yi ba. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa a lanƙwashe yake kamar baka, shi yasa sau da yawa idan ya karye baya tsayawa a wuri ɗaya, an buge ka a haɓa sai kuma a samu wata karayar can kusa da kunne. Wani a ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya ko roba, wani a yi masa tiyata a sa ƙananan faranti da sukurori, ƙashin yakan ɗauki kamar sati 6 kafin ya haɗe. Amma haɗewar ƙashi daban, komawa yadda kake a da daban. Akwai jijiya da ta bi ta cikin ƙashin nan wadda ita ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, in ta taɓu sai leɓe ya mutu, mutum na shan abu yana zuba bai sani ba, wani ya dawo daidai bayan watanni wani kuma shikenan har abada. Akwai wanda haƙoransa basa ƙara haɗuwa daidai. Akwai wanda gaɓar gaban kunne zata dinga ƙara tana ciwo, baki baya buɗuwa sosai, ga ciwon kai, shekaru su ja kuma amosanin gaɓɓai ya shigo. Duk waɗannan a sati na biyu babu wanda zai iya ce maka ga wanda zai tafi ga wanda zai zauna.

Kaga kenan agogon doka da wuri yake fara gudu, shi kuma ciwon a hankali yake bayyana kansa. Kamfanonin inshora, masu biya a madadin wanda ya jawo ciwon, sun san da haka sarai. Wani lokacin zasu kira ka tun kana kwance, da murya mai daɗi, su ce ga kaza mu rufe magana ba sai an wahala ba. In ka karɓa ka sa hannu an rufe kenan, ko bayan shekara aka ce sai an sake tiyata babu komawa. Ni a ganina wannan shine babban kuskuren da ake yi a irin wannan kes ɗin. Ka fara neman da wuri, amma kar ka yarda a yanke adadi sai likita mai zaman kansa, ƙwararre a tiyatar baki da fuska, ya duba ka ya rubuta ripot ya faɗi inda ciwon ya dosa. In kuɗi ne suka matse ka kuma ɗaya ɓangaren ya riga ya amsa laifi, ana iya neman a fara baka wani kaso kafin a gama, daga baya a cire a cikin jimla.

Ita diyyar kashi biyu ce. Na farko kuɗin zafin ciwo da abin da ya rage maka na jin daɗin rayuwa. Wannan akwai littafin jagora da alƙalai da lauyoyi ke dubawa, an fara fitar da shi a 1992 ana sabunta shi lokaci-lokaci, kuma ya kasa karayar muƙamuƙi mataki uku. A bugun 2024, karaya mai sauƙi da aka ɗaure ta warke tas tana kamawa daga kusan fam 8,000 zuwa sama da 10,000 kaɗan, wadda ta bar matsala ta dindindin kamar wahalar tauna ko mutuwar leɓe tana farawa daga wajen fam 22,000, mafi muni kuwa mai karaya da yawa da doguwar jinya tana iya wuce fam 50,000. Haƙoran da suka zube da tabon fuska da damuwar ƙwaƙwalwa kowanne yana da nasa gurbin, sai dai ba tara su ake yi kamar lissafin kanti ba, ana duba mutum ne gaba ɗayansa.

Kashi na biyu shine asarar aljihu, kuma wani lokacin ya fi na farkon yawa. Albashin da ka rasa, kuɗin mota zuwa asibiti, magani, aikin haƙori, har jinyar da matarka ko ɗan'uwanka ya yi maka kyauta ana iya ƙiyasta ta da kuɗi. Ka tuna haƙorin da aka dasa ko aka yi wa hula ba na har abada bane, za a sake shi nan gaba, toh wannan ma a sa shi a lissafi tun yanzu. Malamin makaranta ko mawaƙi ko wanda aikinsa amsa waya ne, asararsa ba ɗaya bace da ta wanda baya buƙatar bakinsa a wurin aiki. Nan rasit ke aiki. Ajiye komai, takardar albashi, hoton fuskarka a ranar da kuma bayan sati, lambar shaidu, sannan ɗan littafi da kake rubuta yau na kasa cin kaza, jiya ban yi barci ba. In akwai kyamara a wurin a nema da sauri don ana gogewa.

Idan kaima da naka laifin fa? Ba a korar ka, tun dokar 1945 rage maka ake yi gwargwadon naka kason. Misalin da kowa ya sani shine bel ɗin mota, tun hukuncin alƙali Denning a tsakiyar shekarun 1970 ake cire kashi 25 cikin 100 in da bel ɗin zai hana ciwon gaba ɗaya, kashi 15 in da rage shi kawai zai yi. Ƙarya kuwa ita ce ba a yafewa, dokar 2015 ta ba kotu damar watsar da kes ɗin baki ɗaya har da ɓangaren gaskiyar in aka kama ka da babbar ƙarya, don haka mai cewa baya iya tauna sannan ya ɗora hotonsa a Facebook yana yagar nama ya kuka da kansa.

Masu tsoron kai ƙarar wurin aikinsu su sani, tun dokar 1969 dole ne mai ɗaukar ma'aikata ya yi inshora don irin wannan, ita ce zata biya. Direban da ya gudu ko bashi da inshora shima akwai asusun da kamfanonin inshorar mota suka kafa tun 1946 don waɗanda irinsu suka ji wa ciwo.

Sai naushi, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke karya muƙamuƙi. Kana iya kai wanda ya doke ka ƙara, amma in bashi da ko sisi hukuncin takarda ce kawai. Shi yasa yawanci ake bi ta hukumar gwamnati mai biyan waɗanda aka yi wa ta'adi. Dokokinta daban ne, wa'adi shekara 2 ne ba 3 ba, dole ka kai rahoto wurin 'yan sanda da wuri ka kuma basu haɗin kai, ba lallai sai an kama mutumin ba, amma in kaine ka tono faɗan ko kana da wani tsohon laifi da bai goge ba ana iya rage maka ko a hana ka. Kuɗinsu a ƙayyade yake kuma yawanci bai kai na kotu ba, albashi ma basa biyan na sati 28 na farko.

Kuɗin lauya kuma, yawanci a can ana yin yarjejeniyar in ba a ci ba babu biya. In an ci, tun Afrilun 2013 ladan nasarar lauya daga diyyarka ake cirewa, kuma doka ta hana ya wuce kashi 25 cikin 100 na kuɗin zafin ciwo da asarar da ta riga ta wuce, banda na gaba. Kafin ka sa hannu tambaye shi ƙarara, in an bani fam 20,000 nawa ne zai shigo hannuna, kuma ya rubuta maka amsar a takarda.