Waiwaye: cocin katako na Kizhi da doguwar rigimar gyaransa

Can arewacin Rasha, a yankin Karelia da ke iyaka da Finland, akwai wani tsibiri a tafkin Onega da ake ce wa Kizhi, daga birnin Petrozavodsk tafiyar kilomita sittin da wani abu ce a jirgin ruwa. A nan ne cocin nan yake, wanda hotonsa ke yawo a intanet, mai ƙubbobi 22 masu siffar albasa, wata bisa wata har tsayin mita 37, kuma duk itace ne. Cocin Orthodox ne na mutanen karkara, manoma da masunta na ƙauyukan da ke kewaye nan suke haɗuwa ibada, nan suke taron gari. An aza shi a 1714 bayan aradu ta ƙone wanda yake wurin a ƙarshen ƙarni na 17, sunansa kuma cocin Sāke Kamannin Almasihu.

Sunan maginin bai shiga takarda ba, sai dai labarin baka da ke cewa wani kafinta ne wai shi Nestor, da ya gama sai ya wurga gatarinsa cikin tafki don kada a sake yin irinsa. Labari ne dai. Haka ma maganar da ake yawan yi cewa babu ƙusa ko ɗaya a ginin, rabinta ne gaskiya, bangon kam gungumen itacen pine ne aka sassaƙe bakinsu suka cije juna ba ƙarfe, amma ƙananan allunan da aka rufe ƙubbobin da su ƙusa ce ta riƙe su.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda komai na ginin yaƙi ne da ruwa. Da gatari suke yanke gungume don saran gatari yana danne ƙwayar itacen ya toshe ta, zarto kuwa yaga ta yake yi ruwa ya samu hanyar shiga. Allunan ƙubbar kuma da itacen aspen ake yinsu, kowanne a ɗan lanƙwashe, na sama ya hau kan na ƙasa, in suka sha rana da ruwa sai su koma launin azurfa. Su kansu ƙubbobin da ƙananan rufin da suke zaune a kai ba ado kawai ba ne, ruwan sama da dusar ƙanƙara suke miƙa wa juna daga sama har ya sauka nesa da bango. Ginin ɗaki ne mai kusurwa takwas, an ɗora wani ƙarami a kansa, an sake ɗora wani, sannan ga fukafukai huɗu ta kowace fuska. Ba a hura wuta a ciki, na lokacin zafi ne kawai, in sanyi ya shigo sai jama'a su koma ƙaramin cocin da ke gefe wanda aka kammala a 1764, hasumiyar ƙararrawa kuma daga baya ta zo a ƙarni na 19.

To a ƙarni na 19 ɗin ne aka ga gungume tsirara ƙauyanci ne, aka lulluɓe bangon da falankai aka yi fenti, ƙubbobin aka sa musu kwano. Sai zamanin Soviet, a 1937 aka daina ibada a wurin. A yaƙin duniya na biyu sojojin Finland suka riƙe yankin, a wannan hargitsin ne zanen da ke silin cocin, wanda suke kira sama, ya salwanta. Bayan yaƙi wani masanin gini Alexander Opolovnikov ya jagoranci gyara a shekarun 1950, ya ɓamɓare falankan da kwanon ya maido da tsohuwar kama. Ya kyauta ta wani gefen don shi ya dawo da abin da duniya ke sha'awa yau, amma fa falankan nan duk muninsu suna kare gungumen daga ruwa, shi ya sa har yanzu akwai masu ganin cire su ya ƙara wa ruɓewa gudu.

Zuwa 1980 abin ya ta'azzara, ga ruɓa ga ƙwari ga gini ya fara karkata don tun asali ba a yi masa harsashi mai zurfi ba, dole aka rufe shi aka kwashe allunan hotunan waliyyai na gaban bagade, aka kafa masa ƙarafuna a ciki su tallafe shi. Daga nan sai muhawara, shekara da shekaru, wasu na cewa a warware shi gaba ɗaya a sake haɗawa, wasu na cewa in an warware ai ba shi ba ne kuma, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1990 ana nan ana ta ja-in-ja.

Dabarar da aka tsaya a kai daga ƙarshe gaskiya akwai basira. Aka kasa ginin hawa bakwai, aka ɗaga na sama da jak ya rataya a jikin ƙarafuna, aka zare hawan ƙasa aka kai wurin aiki a nan tsibirin, kowane gungume da lambarsa, wanda ya mutu a canza shi, mai sauran rai a yi masa faci da sabon itace, a gwada haɗawa a can sannan a dawo da shi mazauninsa a koma na gaba. Kafintocin ma sai da suka koma wa gatari irin na da. An gama jikin ginin a 2019, mafi yawan gungumen na asali ne, a watan Agustan 2021 kuma aka sake keɓe shi don ibada.

Ana cikin wannan aikin ne, a Agustan 2018, wani matashi ya cinna wa cocin katako na garin Kondopoga wuta, shi ma a bakin tafkin Onega, ginin 1774, ya ƙone ƙurmus cikin safiya ɗaya. Irin wannan haɗarin ne ya sa a Kizhi ba a wasa da maganar wuta, ko sigari ba a barin mutum ya kunna kusa da gine-ginen.