Me ake nufi da aikin ɗan sanda bisa hujjar bincike?

Da zarar an haɗa kalmar hujja da ɗan sanda, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne wuƙar da aka tsinta a ɗakin wanda ake zargi, ko shaidun da za su tsaya gaban alƙali. Wannan ita ce hujjar da ake nema a kan mai laifi. Hujjar da muke magana a kanta yau a kan 'yan sandan kansu ake neman ta: shin dabarar da suke bi tana rage laifi, ko kuwa gadonta kawai suka yi daga na gaba?

Wani masanin laifuka Ba'amurke, Lawrence Sherman, shi ya raɗa wa abin suna a 1998, kuma daga likitoci ya aro tunanin. Kafin a yarda da sabon magani, ana raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bai wa waɗansu, a hana waɗansu, sannan a ga wa ya warke. Sherman ya ce haka ya kamata a yi wa sintiri da kame da sauran dabarun 'yan sanda.

An ma fara gwajin tun kafin a sa sunan. A 1972 zuwa 1973, 'yan sandan birnin Kansas na Amurka sun ware yankuna 15 suka kasa su uku. A kashi ɗaya aka janye motocin sintiri sai in an kira, a na biyu aka bar su yadda suke, a na uku aka ninka su. Da shekara ta zagayo, yawan laifi bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba, kuma mazauna ba su ma lura an canza wani abu ba. Yawon mota babu takamaiman wuri, wanda ake kashe wa mai da albashi, ya tashi a tutar babu.

Amsar inda ya kamata a tura sintiri ta fito daga birnin Miniyapolis, shi ma a Amurka. Da aka zauna a kan bayanan kiran gaggawa, sai aka ga kusan rabin kiran daga kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin yake fitowa. Ashe laifi ma yana da matattara: wata kwana, wata mashaya, bakin wani shago. Aka zaɓi irin waɗannan wurare 110, aka ƙara sintiri a 55 da ƙuri'a ta faɗa wa, sai rigima da laifi suka ragu a cikinsu. Daga baya wani masani, Christopher Koper, ya nuna cewa tsayuwar 'yan sanda ta minti 10 zuwa 15 a irin wurin ita ta fi amfani. Abin da ya wuce haka ba ya ƙara komai.

Labarin da na fi so a riƙe shi ne na dukan da maza ke yi wa matansu, domin a nan ne masu binciken kansu suka sha darasi. A farkon shekarun 1980, a Miniyapolis ɗin dai, aka gwada hanyoyi uku idan an kira 'yan sanda gidan da namiji ya doki matarsa: a kama shi, ko a yi masu nasiha, ko a fitar da shi daga gidan na awa takwas. Sakamakon da aka wallafa a 1984 ya nuna waɗanda aka kama sun fi ƙarancin maimaitawa cikin wata shida. Nan da nan rundunoni da jihohi da dama suka rungumi kame, wasu ma suka mai da shi dole. Amma da aka maimaita gwajin a wasu birane, irin su Omaha da Milwoki, sai magana ta sha bamban. A Milwoki, kame ya tsorata mai aikin yi, wanda ke da abin da zai rasa, amma marar aiki sai ya ƙara tsananta wa matar bayan an sake shi. Sherman da kansa, wanda ya jagoranci gwajin farko, ya dawo yana adawa da dokar kame na dole. A ganina wannan ne ainihin ma'anar aiki bisa hujja: gwaji ɗaya ba ya zama nassi, kuma wanda ya kawo sakamakon farko dole ya iya janye maganarsa. Rayukan mata ne a tsakiya, ba martabar malami ba.

Saboda haka ba a kwaso dabara daga wata ƙasa a dasa ta ido rufe. A 2021 mujallar Science ta wallafa gwajin 'yan sandan al'umma a ƙasashe shida: Brazil, Kolombiya, Laberiya, Pakistan, Filifin da Yuganda. An yi tarurruka da jama'a, an yi sintirin ƙafa, amma amana ba ta ƙaru ba, laifi bai ragu ba. Cikin dalilan da masu binciken suka kawo akwai yawan sauya wa jami'ai wurin aiki, da rashin goyon bayan manya, da rashin kayan aikin da za a magance ƙorafin da mutane suka kawo. Duk wanda ya taɓa zama taron 'yan sanda da masu unguwa a garuruwanmu, ya ga difi'on da aka saba da shi an ɗauke shi bayan 'yan watanni, zai gane waɗannan dalilai.

Birtaniya ta kafa Kwalejin Aikin 'Yan Sanda a 2012, tana tattara irin waɗannan sakamako don jami'i ya duba kafin ya yanke shawara. Amma duk wannan gini a kan littafin caji ofis yake zaune. Idan wanda aka ƙwace wa waya bai kai ƙara ba don ya san wahala kawai zai sha, ko ya kai ba a rubuta rana da lokaci da wurin ba, taswirar matattarar laifi da za a zana za ta nuna unguwannin da ke kai ƙara ne kawai, kuma can za a tura motar sintiri.