Tambayoyin iyaye kan motsa jikin samari da 'yan mata

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren karkara a Jigawa. Tambayoyin nan na amsa su a taron iyayen yara, na amsa a ƙofar masallaci, har ranar kasuwa ana tare ni da su. Ga su a rubuce.

Minti nawa ake so yaro ya motsa a rana?

Minti 60, ga 'yan shekara 5 zuwa 17, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Motsin da zai sa numfashi ya ƙaru ake nufi, ba tattaki zuwa shagon cajin waya ba.

Ai yaran ƙauye ba sa buƙatar wannan, ko?

Wanda ya yini riƙe da fartanya da damina ya yi har ya wuce. To bayan an kai amfanin gona gida fa? Ku duba da kyau. Aiken da a da ake zuwa a ƙafa, yanzu sai a babur. Injin niƙa ya karɓe daka. Dandalin da ake langa da kokawa da farin wata ya watse, samari suna gidan kallo. Ban ce a koma wahalar da ba, amma ku daina cewa ɗan ƙauye ba ya zaman banza.

Ƙwallo ba ta hana karatu?

A'a. Wayar da yake dannawa har tsakar dare ce ke sa shi gyangyaɗi a aji.

'Yata ta kai 14, mun hana ta fita gaɗa. Yaya za mu yi?

Wannan ba ni da amsa guda a kanta, domin gida ya bambanta da gida. Ba zan ce ku sake ta dandali da dare ba, na san abin da kuke gudu. Sai dai ku sani, daidai nan 'yan mata ke tsayawa cak. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda ya fito a 2019 daga ƙasashe 146, ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ba sa motsi yadda ya kamata, maza kuwa kashi 78.

In tana surfe, tana ɗebo ruwa daga nesa, tana zuwa makaranta da Islamiyya a ƙafa, wataƙila ta kusa cika minti 60 ɗin. Wataƙila na ce, don wanke-wanke a zaune da tankaɗe gajiya suke kawowa, ba sa motsa zuciya. In famfo na ƙofar gida, to da saura. Ku bar ƙawayenta su shigo tsakar gida bayan la'asar su yi gaɗa ko tsallen igiya, uwa na kallo. Hijabi ba ya hana komai. Kuma don Allah, iyaye mata, ku daina ce mata "kin girma da tsalle". Kalmar nan ta zaunar da ɗalibaina da yawa, kuma tana yi mini ciwo. In tana yawan jiri ko haki da ɗan motsi kaɗan, a fara kai ta asibiti a duba jininta.

Da zafin bazara fa?

Da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. Da azumi kuwa, bayan shan ruwa.

Ɗana mai sikila ne. In hana shi?

Kada ka hana shi gaba ɗaya, Malam, kwantar da hankalinka. Ya yi a hankali, ya sha ruwa sosai, ya tsaya da zarar ya gaji. Amma ka tambayi likitansa tukuna, ba ni ba.