Otaku

Otaku kalma ce ta Japananci da ake kiran mutumin da son wani abu ya ci masa rai, ya san cikinsa da bayansa, yana kashe masa lokaci da kuɗi ba ya ƙyashi. An fi jingina ta ga masoya anime, wato fina-finan zane masu motsi na ƙasar Japan, da manga, littattafan da ake ba da labari cikin zane, da wasannin bidiyo. A Japan ma'anarta ta fi haka faɗi, don akwai otakun jirgin ƙasa, wanda ya haddace jadawalin tashi da sauka, akwai na kyamara da na kayan soja. Kalmar ta fara yaɗuwa ne a matsayin ba'a, ta koma zagi, kafin daga baya masu ita su ɗauke ta su yi ado da ita.

Asalin kalmar

A asali otaku na nufin "gidanku". Lafazi ne na girmamawa da ake yi wa wanda ba a saba da shi ba, kusa da yadda Bahaushe ke ce wa mutum ɗaya "ku". Wajen ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, samari masu zuwa tarukan almarar kimiyya da na anime suka riƙa kiran junansu da ita, abin da ya zama baƙo a kunnen jama'a tunda sa'o'in juna ne. An yi saɓani kan dalili. Wasu sun ce daga shirin Macross na 1982 aka kwaso ta, inda jarumai ke faɗinta. Wasu sun ce kunya ce kawai da rashin sanin sunan juna.

A 1983 marubuci Akio Nakamori ya yi jerin sharhi a mujallar Manga Burikko, ya laƙaba wa waɗannan matasa sunan otaku. Bai raga musu ba. Ya siffanta su da yaran nan na aji da ba su iya wasan guje-guje ba, masu laɓewa a ɗaki lokacin tara, gashi ba gyara, tufafi ba tsari. Masu karatu suka fusata, don su ne ake nufi, editan mujallar Eiji Otsuka ya dakatar da jerin. Sunan dai ya riga ya kama.

Daga talabijin zuwa kaset

Ranar 1 ga Janairun 1963 tashar Fuji ta fara nuna Tetsuwan Atomu na Osamu Tezuka, wanda aka sani a waje da Astro Boy. An yi kashi 193. Don a iya fitar da kashi guda kowane mako, Tezuka ya rage yawan zanen da ke cikin kowace daƙiƙa, ana maimaita wasu, wani lokaci baki ne kaɗai ke motsi. Kuɗin da tasha ke biya ba ya kai abin da aka kashe, sai aka riƙa cike giɓin da sayar da haƙƙin amfani da hoton jarumin, har a kwalin cakulan. Daga nan aka ɗaura auren anime da kayan sayarwa.

Yaran da suka tashi da wannan shiri su ne suka zama samari a shekarun 1970, kuma ba su daina kallo ba. Uchu Senkan Yamato na 1974 bai samu masu kallo ba da farko, har aka taƙaita shi zuwa kashi 26. Da aka maimaita shi sai ya samu 'yan ga-ni-kashe-ni, waɗanda suka kwana a layi a ƙofar silima lokacin da fim ɗinsa ya fito a 1977. Haka ta faru da Gundam na 1979, wanda aka katse a kashi 43, amma da kamfanin Bandai ya fara sayar da 'yan mutum-mutuminsa na roba da ake harhaɗawa a gida a 1980, kasuwa ta buɗe. A Fabrairun 1981 matasa kimanin 15,000 suka taru a unguwar Shinjuku ta Tokyo don bikin fitowar fim ɗinsa, wasu sanye da kayan jarumai.

Na'urar bidiyo ta taka rawar da ba kasafai ake ambata ba. Betamax ta fito a 1975, VHS a 1976. Mai kallo ya samu damar naɗar shiri, ya tsayar da hoto, ya matsa da shi kaɗan-kaɗan yana duba yadda aka zana fashewar bam ko hayaƙin makami, har ya gane hannun mai zanen ba tare da ya ga sunansa ba. Irin wannan kallo na ƙwaƙƙwafi shi ya bambanta otaku da mai kallo na nishaɗi, kuma da yawansu a nan suka koyi sana'ar. A 1981 wasu ɗalibai uku, Hideaki Anno da Hiroyuki Yamaga da Takami Akai, suka zana gajeren fim na 'yan mintoci don buɗe taron almarar kimiyya na Daicon a Osaka. A 1984 su da abokansu, cikinsu har da Toshio Okada, suka kafa kamfanin Gainax, wanda ya fitar da shirin anime na Evangelion a 1995.

Wasannin bidiyo

Space Invaders na kamfanin Taito ya fito a 1978, ya cika shagunan shan kofi da teburan wasa. Ana yawan cewa ya jawo ƙarancin sulallan yen 100 a ƙasar, amma masu bincike da dama sun musanta wannan. Nintendo, wanda aka kafa a Kyoto a 1889 yana buga katin wasa, ya fitar da na'urar wasa ta Famicom ranar 15 ga Yulin 1983, wasa ya koma cikin gida. Ranar da wasan Dragon Quest na uku ya fito, a Fabrairun 1988, layuka suka miƙe a ƙofar shaguna, ɗalibai suka gudu daga makaranta har 'yan sanda suka shiga tsakani. Akira Toriyama, mai Dragon Ball, shi ya zana jaruman wasan, kuma irin wannan cuɗanya ce ta sa yake da wuya a raba masoya manga da na wasa.

Satoshi Tajiri ya fara ne da 'yar mujalla ta masoya mai suna Game Freak, wadda yake rubutawa da hannu yana bayanin dabarun cin wasa. Mujallar ta zama kamfani a 1989, kamfanin ya fitar da Pokémon a 1996.

Comiket

Babu inda ake ganin otaku a aikace kamar kasuwar Comiket, inda masoya ke sayar da littattafan da suka zana suka buga da kuɗinsu, waɗanda ake kira dojinshi. An yi ta farko ranar 21 ga Disamban 1975 a wani zaure a Tokyo, da ƙungiyoyi 32 da mahalarta kimanin 700, akasarinsu 'yan mata masu son manga. Yoshihiro Yonezawa, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, ya jagorance ta daga 1980 har gab da rasuwarsa a 2006. Tun 1996 ake yinta a zauren Tokyo Big Sight, sau biyu a shekara, a Agusta da Disamba. A Disamban 2019 an ƙidaya shigar mutum 750,000 cikin kwana huɗu. Annobar korona ta hana zama a 2020.

Kowace ƙungiya, ko da mutum ɗaya ne, rabin tebur take samu da kujeru biyu. Ta shimfiɗa ƙyalle, ta jera littattafai, ta ajiye akwatin canji. Masu saye kan sauko daga jirgin farko na asuba, su yi layi na sa'o'i cikin zafin Agusta mai gumi, da tawul a wuya da taswirar zaure da suka yi wa alama tun a gida. A ƙofar fitattun masu zane, mutumin ƙarshe a layi shi ke ɗaga allon da ke nuna nan ne ƙarshe, wanda ya zo ya karɓa daga hannunsa. Dubban 'yan sa-kai ke kula da tsari. A al'adar wurin ba a ce wa kowa mai saye, kowa mahalarci ne.

Yawancin dojinshi aro suke yi daga jaruman da wasu suka mallaka, abin da doka ba ta halatta ba in ba da izini ba. Kamfanoni kan kau da kai, domin nan ne gonar da sababbin masu zane ke tsirowa. Ƙungiyar mata ta CLAMP daga dojinshi ta fara, haka Type-Moon da ta sayar da wasanta Tsukihime a Comiket a Disamban 2000. Akasarin masu teburi ba sa mayar da kuɗin bugu.

Shigar kwaikwayon jarumai, da ake kira kosupure, ta samu sunanta ne wajen 1983 ko 1984, ana kuma danganta shi ga Nobuyuki Takahashi.

Baƙin jini da farfaɗowa

A 1989 aka kama Tsutomu Miyazaki bisa kisan ƙananan 'yan mata huɗu. A ɗakinsa an samu kaset ɗin bidiyo sama da 5,700, hoton ɗakin ya zaga jaridu, aka shafa wa duk otaku kashin kaji. Daga baya an yi ta muhawara kan ko anime ne ya fi yawa a cikin kaset ɗin. An zartar wa Miyazaki da hukuncin kisa a 2008.

Sai da aka shafe shekaru kafin sunan ya wanku. Toshio Okada na Gainax ya koyar da darasi kan otaku a Jami'ar Tokyo a shekarun 1990. Labarin Densha Otoko, na wani otaku mai kunya da ya kare wata mata daga mashayi a jirgin ƙasa, ya zama littafi a 2004, fim da wasan talabijin a 2005. A shekarar ce cibiyar bincike ta Nomura ta ƙiyasta otaku miliyan 1.72 a fannoni 12, da cinikin yen biliyan 411. A bikin rufe wasannin Olamfik na Rio a 2016, Firaminista Shinzo Abe ya fito da hular Mario, jarumin wasan Nintendo.

Wurare

Unguwar Akihabara a Tokyo ta fara ne da rumfunan kayan rediyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta koma kasuwar kayan lantarki, sannan ta kwamfuta, kafin shagunan anime su mamaye ta daga ƙarshen shekarun 1990. Mata sun fi zuwa Ikebukuro, masu neman tsofaffin kaya su nufi Nakano, a Osaka kuma Nipponbashi. Masoya kan ziyarci wuraren da aka zana a shirye-shirye. Wurin bautar Washinomiya a Saitama ya ga masu ziyarar sabuwar shekara sun ninka fiye da sau biyu bayan shirin Lucky Star na 2007.

A wajen Japan

A Amurka masoya ne suka riƙa fassara shirye-shirye da kansu suna musayar kaset ta gidan waya, kafin intanet. Shafin kallon anime na Crunchyroll ya fara a 2006 da irin waɗannan fassarori marasa izini, ya koma halastacce, Sony ta saye shi a 2021. Ƙasashen Larabawa sun san shirin ƙwallo na Captain Tsubasa da sunan Kyaftin Majid. A Najeriya, yaran da suka kalli Voltron a talabijin, da matasan gidajen gem masu buga ƙwallon kamfanin Konami a PlayStation, kayan Japan suke ci, ko da ba su san sunan otaku ba.

Suka

Ana sukar wani sashe na manga da anime kan zanen batsa na jarumai masu kama da yara. Tokyo ta tsaurara dokar sayar da irinsu ga ƙananan yara a 2010, masu zane da dama suka yi adawa da sunan 'yancin faɗar albarkacin baki. Akwai kuma ƙorafi kan ƙarancin albashi da tsawon lokutan aiki na matasan masu zane.